Sandar kamun kifi mai ma'auni a kan ƙanƙara: me ya sa take ɗagawa sama maimakon ta sunkuya?

Kafintan Zango:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin bayani daga waɗanda suka zauna a Kanada ko suka san yadda ake su a tafkunan da ke daskarewa da hunturu. Ɗan yayata da ke aiki a lardin Ontariyo ya roƙe ni in sassaƙa masa sanduna biyu irin waɗanda masunta can ke ɗorawa a bakin ramin da suka huda a ƙanƙara, domin ya tafi da su idan ya zo ganin gida. A bidiyon da ya aiko, sandar tana kwance a kan wata ƴar ƙafa ta katako, zare yana sauka daga bakinta zuwa cikin ruwa, sai na ga bakin ya ɗaga sama a hankali, mutumin ya fizge sandar, ya jawo kifi da hannu. Abin da na sani shi ne kifi ƙasa yake ja, to me ke ɗaga sandar? Sannan a wane wuri ne ya kamata in kafa ƙusar da za ta riƙa juyawa a kai, kuma shin sanda ɗaya za ta yi wa kifayen nan biyu da ya ambata, wato farin kifi, wanda ya ce mutanen lardin Kebek na kira koregon, da kuma tirawut na tafki, wanda suke kira tuladi?

Baƙon Barrie:

Wa'alaikumus salam, Malam. Garin da nake zaune yana bakin tafkin Simcoe ne, arewa da Toronto, tafkin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 720, kuma wuri mafi zurfi a cikinsa, mita 41, yana cikin mashigin Kempenfelt da ke gabanmu. Irin sandar da kuka gani tsohuwar al'ada ce ta masuntan wannan tafki, kuma har yau da yawa daga cikinsu da hannunsu suke yin ta.

Amsar tambayarku ta farko tana cikin bakin farin kifi. Bakinsa ƙarami ne, mai laushi, yana kallon ƙasa, domin abincinsa a gindin tafki yake: tsutsotsin ƙwari da dodon koɗi da ƙananan halittu masu ɓawo. Saboda haka masunci yakan ɗaura wa zarensa darma mai ƙugiya biyu ko uku a jikin ƴan wayoyi da suka baje, ya soke ƙananan kifaye da aka barbaɗa wa gishiri a matsayin koto, ya sauke har darmar ta taɓa ƙasa, sau da yawa a zurfin mita 20 zuwa 30. Daga nan sai ya naɗe sauran zaren a jikin sanda har ya miƙe sosai, ta yadda nauyin darmar ne kaɗai ke riƙe da bakin sandar, alhali gindinta ya ɗan fi nauyi kuma yana neman sauka. Farin kifi yakan sunkuyar da kai ya tsotsi koton, sannan ya miƙe, kuma da ya miƙe ya ɗauke darmar daga ƙasa. Nauyin da ke riƙe da bakin sanda ya tafi ke nan, sai gindi ya rinjaya, baki ya tashi. Idan kun tuna jigon da masu lambu ke ɗebo ruwa da shi, wanda nauyin da aka ɗaura a bayansa ke ɗago guga, kun riga kun san aikin. A daidai wannan lokacin ake ɗauke sandar daga ƙafarta a fizga sama, domin kifin nan ba ya daɗewa da abu a baki idan ya ji waya.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa na fi ganin darajar sanda mai ma'auni a kan waccan ta kanti mai ƴar tuta, wadda ba ta tashi sai kifi ya ja zare har kwarkwaron ya juya. Farin kifi zai iya cinye koto ya tafi tutar ba ta motsa ba.

Tuladi halinsa daban ne. Mafarauci ne mai babban baki, kuma da hunturu, tun da ruwan duka ya yi sanyi, yana yawo daga gindi har kusa da ƙanƙara. Akan rataya masa ɗan kifi mai rai sama da ƙasa kaɗan, ya zo ya cafke ya wuce, sandar ta sunkuya da ƙarfi. Sanda ɗaya tana iya yi wa duka biyun, amma idan ɗan naku tuladi zai fi nema, ku sa masa ƙaramin kwarkwaro mai sakin zare a gindin sandar maimakon turaku biyu na naɗi, don kada babban kifi ya tsinke zaren ko ya ja sandar cikin rami.

Ku gaya masa kuma cewa a mafi yawan ruwayen Ontariyo zare biyu kawai doka ta yarda mutum ya saka ta cikin ƙanƙara, dole ya kasance bai wuce mita 60 daga gare su ba kuma yana ganinsu, ga lasisi. A Simcoe lokacin waɗannan kifaye biyu na hunturu yana farawa 1 ga Janairu ya ƙare 15 ga Maris.

Malamin Kimiyya, Birni:

Bayanin ɗan'uwanmu na Barrie ya gamsar, sai dai zan tsaya a kan tambaya ta biyu, wadda ita ce ta shafi aikin kafinta kai tsaye. Abin da ke juya sanda shi ne nauyi a ninka da nisansa daga wurin juyawa, don haka ƙaramar darma a ƙarshen dogon hannu tana iya tsayar da gindi mai nauyi a gajeren hannu. Shawarata ita ce kada a huda wurin ƙusa sai an gama komai, an ɗaura kwarkwaro da zarensa, an sa ƴar wayar da zare ke bi a bakin sanda, an shafa fenti. Sannan a ɗora sandar a kan kaifin wuƙa a nemo inda take tsayawa daidai, a yi alama, a kafa ƙusar ɗan gaba kaɗan da alamar ta wajen baki, domin gindi ya rinjaya da ɗan abu kaɗan.

Akwai wani abu na biyu da ake yawan mantawa da shi, wato tsayin ƙusar a kaurin katakon. Idan ta yi sama sosai da tsakiyar nauyin sandar, sandar za ta zauna daram amma ba za ta ji ƙaramin taɓi ba. Idan ta sauka ƙasa da tsakiyar nauyin, sandar ba za ta taɓa zama ba, kullum kifewa za ta yi. Wurin da ake so shi ne sama da tsakiyar da ɗan kaɗan, kuma tsagin da ƙusar za ta kwanta a ciki ya zama mai santsi, tun da duk wani gogayya a wurin yana haɗiye motsin da ake jiran gani.

Ina kuma jan hankali cewa gwajin da aka yi a kan teburin shago ba zai zo daidai da na cikin ruwa ba. Darma ta fi ruwa nauyi sau 11 da ɗoriya, saboda haka tana rasa kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na nauyinta da zarar ta nutse, kuma kowane mita na zare da aka warware daga gindin sanda yana rage wa gindin nauyi. Maganin wannan mai sauƙi ne: a sa wani ɗan zobe mai nauyi da za a iya zamewa gaba ko baya a jikin sandar, ko a yi ramukan ƙusa uku kusa da juna, mai su ya zaɓa a bakin ramin. Malam yana iya gwadawa a rijiya mai zurfi kafin ya miƙa aikin.

Ɗan Masuntan Gidimuni:

Allah ya ƙara sani, malamai. Ni tambayar da ta zo mini ita ce ko wannan dabara za ta amfane mu a nan, kuma a ganina amfaninta kaɗan ne. Tarwada ba ta buƙatar ma'auni, domin idan ta haɗiyi ƙugiya kowa ya sani. Karfasa ce ke ɗan tsattsaga koto a hankali, ita kuwa ɗan guntun kara da muke ɗaurawa a zaren fatsa yana nuna ta, yana nutsewa idan ta ja, yana kwantawa a kan ruwa idan ta ɗago darma. Abin da mutanen can suke da shi wanda ba mu da shi shi ne ƙasa mai ƙarfi a tsakiyar tafki, daidai saman kifin. Kwalekwale yana rawa, iskar hunturu kuma ba za ta bar sanda mai saurin ji ta tsaya ba ko na minti ɗaya.

Baƙon Barrie:

Maganarku gaskiya ce, Baba, kuma iskar ita ce babbar matsalar sandar a Kanada ma. Shi ya sa kusan kullum a cikin bukkar katako ko tanti ake amfani da ita, inda iska ba ta shiga kuma ɗan zafin murhu ke hana bakin ramin sake daskarewa. A fili, abin shawagi irin karanku yakan manne da sabuwar ƙanƙara cikin ɗan lokaci, ita kuwa sanda tana sama da ruwa, zare ne kawai ke ratsa ramin. Murhun gas a rufaffiyar bukka yana da nasa haɗarin, dole a bar kafar iska. Ita ma ƙanƙarar, ba a taka ta sai kaurinta ya kai santimita 10 idan mai haske ce garai-garai, kuma fara mai haɗe da dusar ƙanƙara ƙarfinta kusan rabin wancan ne.

Kafintan Zango:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura abu ɗaya: wane irin katako ya dace, kuma tsawon nawa?

Baƙon Barrie:

Malam, ku nemi katako marar nauyi wanda ya bushe sarai, irin farin katakon da ake yin silin da shi, domin itace mai nauyi yana jinkirin motsi ko da an daidaita shi da kyau. Tsawon santimita 40 zuwa 50 ya isa, ya yi siriri ta wajen baki, ya yi faɗi ta gindi inda hannu mai safa zai kama. Ku shafa masa banish sosai don kada ya sha ruwa ma'auninsa ya canza, bakin kuma ku yi masa jan fenti ko mai launin ruwan lemo, saboda cikin bukka duhu ne kuma motsin da ake jira wani lokaci bai fi faɗin yatsa ba. Tsagin da ke kan ƙafar ya kasance a buɗe ta sama, yadda sandar za ta fita da fizga ɗaya ba tare da ta maƙale ba, ƙafar kuma ta yi faɗin da ba za ta kife a kan katakon bukka ba. Zaren kuwa, ɗan naku ya bari sai ya koma Kanada ya saya, siriri mai ɗaukar kilo 3 zuwa 4, kuma ya miƙar da shi da hannu kafin ya sauke, domin zaren da ya riƙe lanƙwasar naɗi yana shanye ɗagawar kifin tun kafin ta iso sanda.