Neman shawara: likita ya ce a yi wa ɗana aikin ido, babansa ya ce a jira

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa 15. Cikin shekara ɗaya da rabi sau uku muna canza masa tabarau, kowanne bai daɗe ba ya ce ya daina gani da shi. Da dare in ya kalli fitila sai ya ce tana da jela. Tun yana ƙarami yake fama da ƙaiƙayin ido, da bayan hannu yake murzawa har sai ya yi jajur. Makon jiya likita ya ɗauki hoton taswirar idon, ya ce keratokonas ne: koniya, wato fatar nan mai haske da ta rufe baƙin ido, kaurinta na raguwa, tana tsini kamar mazurari. Na dama ya kai mataki na biyu, na hagu na ɗaya. Ya ce a yi aikin ƙarfafa ta da wuri. Babansa ya ce a bari ya ƙara girma. Ni hankalina ya kasa kwanciya. Me kuka gani?

Ma'aikacin sashen ido: Wa alaikumus salam Hajiya. Jiran nan shi ne abin tsoro, domin a shekarun samartaka ciwon ya fi gudu, sai wajen shekara 30 zuwa 40 yake lafawa. Matakansa huɗu ne, kuma aikin ya fi amfani a na farkon. Ana ɗiga sinadarin ribofilabin, wato bitamin B2, a kan koniyar, sannan a haska mata wani haske na musamman, sai zarurrukanta su ƙara riƙe juna. Ga inda gizo ke saƙar: lafiyayyiyar koniya kaurinta wajen maikiron 540 ne (maikiron dubu ne milimita ɗaya), aikin kuma a yadda aka saba yi yana son ta kai aƙalla 400. In ta sauka ƙasa da haka zaɓi ya ragu. Ki tambayi likita nawa ya auna a kowane ido, ku koma tare da babansa ya ji da kunnensa.

Mai tambaya: Na gode Malam. To in an yi, ganinsa zai dawo?

Ma'aikacin sashen ido: Tsayar da ciwon yake yi, ba ya mayar da abin da ya tafi. Gyaran gani aikin tabarau ne ko gilashin da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido.

Mai irin ciwon: 'Yar uwa, ni na yi jinkiri. Idona na hagu wata safiya na tashi na ga ya yi fari kamar hakiya, ruwa ya shige koniyar. Ya bar tabo, sai da aka yi mini dashe. Na dama an ƙarfafa shi kan lokaci, na sha zafi da hawaye kwana uku, yanzu da gilashi mai tauri nake karatu ba matsala. Don Allah ki raba shi da murza ido, ko yaya ƙaiƙayin ya kai. Tsumma mai sanyi nake ɗorawa in ya taso.

Wata uwa: Kuma kada ki saya masa maganin ɗigawa da kanki. Masu sitiroyid suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma in an daɗe ana ɗigawa suna jawo hawan jinin ido da yanar ido. Ki bari likita ya rubuta wanda ya dace. In yana da ƙanne a duba su ma, yakan bi dangi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na karanta wa babansa, ya ce ranar Litinin tare za mu koma, da ƙanwar yaron.