Wa ya ga albasar kwaɗi bana?

Malama daga Maradi: Assalamu alaikum. Ina so in kai 'yan ajina su ga albasar kwaɗi a inda take fitowa, tun furen bai wuce ba. Wanda ya ci karo da ita bana, don Allah ya kwatanta mini wurin.

Manomi daga Jiratawa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki wahalar da yara a kan tudu ko jigawa, ba ta son nan. Fadama take bi, inda ƙasa ke da laka, ruwa ya kwanta kwana biyu ya janye. A gefen gonata ta bakin gulbi akwai ta. Duk rani ba ki ganin komai sai busasshiyar ƙasa, ashe kan yana binne. Da an yi ruwa mai ƙarfi cikin Yuni, sai ganyen ya ɓullo, dogaye masu faɗi, sannan kara guda mai kauri ya taso ɗauke da furanni. Kowane fure kunne shida gare shi, fari tas, da jan layi a tsakiya tun daga gindi har baki. Kai, abin gwanin kyau!

Ɗan Madarunfa: Gaskiyar Baba. Ni a wajen tafki na saba ganinta, wani lokaci cunkus wuri guda. Ku yi sammako, da rana ta take furen kan yi yaushi.

Hajiya daga Tibiri: Malama, ki ja kunnen yaran nan sosai. Kan nata ya yi kama da albasar miya, amma dafi gare shi, ba a ci. Kakata ko taɓawa muka yi sai ta sa mun wanke hannu kafin tuwo. Ni dai na lura awakina ba su kula ganyen.

Manomi daga Jiratawa: Haka ne Hajiya. Kuma kar su tone ta. Da can bakin gulbin nan cike yake da ita, yanzu garma ta bi kusan ko'ina, kan da aka tumɓuke ya kwana a rana shi ke nan. Ni da gangan na bar ɗan lungun ban nome ba.

Malama daga Maradi: Allah ya saka da alheri. Baba, ranar Asabar da safe za mu zo in Allah ya so. Motar haya tana kaiwa kusa, ko sai mun taka?