Bututu, bawul ko ƙwai: me za mu kira gilashin cikin amfilifayar jita?

Jama'a, ku zo mu daddale wata kalma. Duk mai neman ƙaramar amfilifayar jita, tambayar farko da zai ci karo da ita ita ce: mai tiransista yake so, ko mai abin nan da Amurkawa ke kira tube, mutanen Ingila kuma valve? Tiransista ta daɗe da zama a bakinmu ta dalilin rediyo. Ɗayar ce har yau ba ta samu suna ba.

Amfilifaya kam a bar ta yadda take. Duk mai haɗa kayan sauti ya san ta, in ka ce masa "na'urar ƙara sauti" sai ya tsaya tunanin ko lasifika kake nufi.

Wasu sun kawo bututu, ni kuma ban gamsu ba. Bututu baki biyu gare shi, ruwa ya shiga ta nan ya fita ta can. Wannan kuwa gilashi ne rufaffe ruf, an zuƙe iskar cikinsa, ƙaramin bai wuce babban yatsa ba, ga siraran ƙafafun ƙarfe a gindi da ake sokawa cikin mazauninsa. In kuma muka ari kalmar Amurkawa ɗanyarta, hankalin mai ji zai tafi wurin mai facin taya.

Bawul yana da hujja, ba na musu. Da John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro abin a Landan a 1904, an ba shi wannan suna ne don wuta ta hanya ɗaya kawai take bi a cikinsa. Sai dai a Hausa bawul ya riga ya zama na makanikai da masu taya.

Ni ƙwai na zaɓa. Ƙwan sauti, na'urar kuma amfilifaya mai ƙwai.

Asalin abin ma daga ƙwan lantarki ya fito. Na Fleming ƙwan fitila ne da aka ƙara wa farantin ƙarfe a ciki. A 1906 Lee de Forest ya kawo irin nasa, kuma waya ta uku da ya saka tsakanin zaren da ke haske da farantin ita ce ta sa 'yar ƙaramar wuta ke iya juya babba. Ƙarin sautin ke nan. Ku leƙa bayan irin wannan amfilifaya tana kunne, za ku hango zare ya yi ja a cikin gilashi. Ƙwan yana ɗaukar zafi har ya ƙona yatsa, yana fashewa, yana tsufa ya mutu, a zare shi a sa sabo. Da ka ce ƙwai, mai sauraro ya riga ya san rabin yadda zai kula da shi.

An ce ai ƙwai na kaza ne. To, ƙwan fitila ya daɗe tare da mu, ba wanda ya taɓa rikicewa.

Mu gwada kalmar a bakin aiki. Amfilifayar Fender Champ, wadda ta fito a 1948, wajen wat 5 ce, ƙwan ƙarfi ɗaya gare ta, mai lamba 6V6. Vox AC4 ma ɗaya ne, amma EL84. Fender Blues Junior wat 15 ce, ƙwan ƙarfi EL84 biyu, ƙwan gaba 12AX7 uku, lasifika mai inci 12. Kun ji har rabe-raben sun zauna: ƙwan gaba shi ke karɓar raunin sautin jita ya ɗaga shi, ƙwan ƙarfi ya tura shi ga lasifika.

Dalilin da ya sa ake neman ƙarama ma a ƙwan yake. Muryarsa mafi daɗi ba ta fitowa sai an matsa masa, an murɗa ƙara har ya kai maƙura. Babbar amfilifaya kafin ta kai nan ta cika unguwa. Kada kuma lambar wat ta ruɗe ku: wat 50 a kunne kusan ninki biyu ne kawai na wat 5. Mai kaɗawa a ɗaki, wat 1 zuwa 5 ta ishe shi, ko ta 5 ɗin ma sai maƙwabta sun ji. Wanda zai zauna kusa da mai ganga ya nemi wajen 15. Kada a kunna mai ƙwai babu lasifika a jone, taransifomar fitar sauti na iya ƙonewa. Kada kuma a buɗe cikinta da ka, wutar ta kan haura bolt 300, kuma tana iya maƙalewa ko an zare soket.

Saura kalma ɗaya da ban kammala ba, wato sunan wannan murya da ƙwai ke yi in an matsa masa. Akwai kaushi, akwai dishewa, akwai gurnani. Dishewa ta yi kama da ciwo, alhali makaɗa nemanta suke da gangan. Kaushi ya dace da somin-taɓinta, lokacin da gefen sautin ya fara ɗan gurzawa. In an murɗa sosai, ni gurnani nake ji. Masu kaɗa jita, ku da kunnenku ya saba, wanne ya fi zama a bakinku?