Motar Auta: A Sake Haɗa Kuɗin Gyara Ko A Sayar?

Yaya Babba: Assalamu alaikum. Na buɗe wannan zauren ba tare da Auta ba don mu yi magana tsakani da Allah. Motarsa ta sake kwantawa, karo na uku ke nan cikin wata biyar. Ni dai a ganina mu daina haɗa kuɗin gyara. Magidancin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, mota ba rufin asiri ba ce a gare shi, rami ce. A sayar, ya biya bashin da ke wuyansa, ya samu ya numfasa.

Gwaggo: Wa'alaikumussalam. Babba, ban yarda ba. Ba ka nan daren da numfashin 'yar Auta ya sarƙe. Ni ce a gidan. Ƙarfe biyu na dare, uwar tana rungume da ita a kujerar baya, ni ina haska fuskarta da fitilar waya ina kiran sunan Allah. Motar nan ce ta kai mu asibiti. Yanzu kuma ga matarsa da tsohon ciki. In naƙuda ta tashi cikin dare, ƙofar wa za su buga?

Yaya Babba: Ki yi haƙuri Gwaggo, ban raina wannan ba. Amma motar da ke kwance a gareji ba ta kai kowa asibiti.

Kawu: Ku tsaya, jiya na je na gan ta da idona. Ba lalacewa uku motar nan ta yi ba, ciwo ɗaya ne ake ta yi wa maganin sama-sama. Na zaro sandar gwajin baƙin mai, ya koma fari-fari, alamar ruwa ya shiga. An tayar da ita, ga farin hayaƙi a salansa, ga ruwan lagireto yana kumfa. Gaskit ɗin kan injin ne ya sake ƙonewa, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa don kada ruwa da mai su haɗu. Inji yana aiki ne a kusan digiri 90, in ya wuce kima ya tafasa, kan injin na alminiyam yakan lanƙwashe. Aka sa masa sabon gaskit ba a auna kan ba, ba a kankare shi ya daidaita ba, ba a kuma nemi abin da ya sa ta yi zafin farko ba. Ko fanka ce ba ta juyawa, ko famfon ruwa, ko murfin lagireto ya daina riƙe iska. Ko sau goma aka canza gaskit a haka, zai ƙone.

Yaya Babba: To Kawu, in aka buɗe aka tarar kan ya tsage fa?

Kawu: Nan zan bi bayanka, domin gyaran zai iya cin rabin darajar motar. Amma wanda ya sayar da mota a kwance, a wulaƙance zai sayar.

Mai Sunan Inna: Ni damuwata ba injin ba ce. A gyara na biyu na ba Auta kuɗin da nake tarawa na makarantar yara. A zuciyata rance ne, shi kuma ina jin ya ɗauka kyauta ce, domin ban furta ba, kunya ta hana ni. Da lokacin biya ya zo na ɗan yi masa hannunka-mai-sanda. Tun ranar in na kira sai ya turo saƙo cewa yana aiki. Yaron da na goya a bayana yau yake jin nauyin ɗaga wayata. Wallahi wannan ya fi kuɗin yi mini ciwo.

Gwaggo: Subhanallah. Ai tsakanin 'yan ciki ɗaya babu maganar bashi, 'yar nan.

Baffa: Akwai, Hajiya, kuma ba abin kunya ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, ba ta ware ɗan'uwa ba. Ta 280 kuma ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, yafewa kuma ta fi alheri. Wanda zai iya kyauta ya ce kyauta ce, sadaka ga ɗan'uwa lada biyu gare ta, na sadaka da na zumunci. Wanda ba zai iya ba ya ce rance ne, a sa lokaci, a rubuta. Shirun nan shi ne ya shiga tsakanin Mai Sunan Inna da ƙaninta.

Yaya Babba: Na ji, amma har yanzu ina kan bakata a abu ɗaya. Ko an gyara, mai da taya da batir da sabunta takardu suna nan suna jiransa. Dole a zauna da shi da matarsa a lissafa abin da motar ke ci a wata. In lissafin bai fita ba, a gyara sannan a sayar da daraja.

Gwaggo: Bayan ta haihu dai. Kafin nan ban amince ba. Kuma ku sa yaron nan a zauren, gidansa ake magana a kai.

Kawu: Asabar da safe zan ɗauke shi mu je a buɗe kan injin a gabanmu. Kada kowa ya tura kuɗi sai na faɗa muku abin da muka gani.

Mai Sunan Inna: Yaya, kada ka sa shi tukuna. Bari in je gidansa yau da yamma, in gaya masa da bakina cewa rabin kuɗin nan na yafe, sauran kuma ya biya sanda ya samu hali.