Neman kalmar Hausa: matakin zafin da jiki yake tsayawa a kai

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina yi wa alhazanmu tafinta tsakaninsu da likitoci a nan Makka, kuma akwai wata kalma guda da take ba ni wahala kullum, wato wadda Turawa ke kira set-poyin. Ma'anarta ita ce matakin zafin da ƙwaƙwalwa ta zaɓa wa jiki, take kuma ƙoƙarin tsayar da shi a kai, wanda ga mai lafiya yake kusa da digiri 37.

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira haifotalamos, shi ne yake lura da zafin jini. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, fararen ƙwayoyin jini sukan saki wasu sinadarai, waɗannan kuma su sa a samar da wani sinadarin mai suna furostagilandin, wanda yake ɗaga wannan mataki daga 37 zuwa 39, misali. Daga nan jiki sai ya ga kansa a ƙasa da inda aka umarce shi ya kai, jijiyoyin jinin fata su tsuke, mutum ya kama rawar ɗari yana neman bargo alhali jikinsa zafi rau. Idan matakin ya sauko, sai zufa ta karyo. Farasitamol yana aiki ne ta hanyar rage wannan sinadari.

Abin da ya sa na damu shi ne bugun rana ba haka yake ba. A Hajjin 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, aka rasa mutum sama da 1,300, kuma har yanzu ina jin mutanenmu suna kiran bugun rana zazzaɓi. A bugun rana matakin bai motsa ba, zafin waje ne ya fi ƙarfin jiki har ya haura 40, mutum ya fara sambatu ko ya suma. Maganin zazzaɓi ba ya yi masa komai; abin da yake buƙata inuwa ne da ruwan sanyi a jiki da fifita da gaggawar kai shi asibiti.

Da na kawo maganar, wani ɗan'uwa ɗalibi a Madina ya ba da shawarar "mizanin zafi". Kalmar tana da daɗi, sai dai duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san mizanul harara da Larabci shi ne tsinken awon zafi, don haka za ta rikita mu. "Ma'aunin zafi" ma matsalarsa ke nan. Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya a Jidda ta ce "gejin zafi", na kuma daɗe ina juya ta a raina, amma geji iyaka ce da ba a so a ƙetare, wannan kuwa wuri ne da jiki yake komawa ko daga sama ko daga ƙasa.

Ni dai na tsaya a kan "saitin zafin jiki". Na san wasu za su ce aro ce, amma ta zauna a bakin Bahaushe tun zamanin saita agogo da rediyo, kuma a nan kowa yana saita mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a 22 ko 24 ya ga na'urar tana tashi tana tsayawa da kanta. Na gwada ta a kan wata dattijuwa da take mamakin yadda take jin sanyi cikin zafin Makka. Na ce mata, "Hajiya, cutar ce ta ɗaga saitin zafin jikinku, shi ya sa kuke rawar ɗari." Ta gyaɗa kai, ta tambaye ni ko maganin da likita ya rubuta shi ne zai mayar da saitin inda yake.