Abin da muka tattauna a Garwa ta arewacin Kamaru kan wutar lantarki

Jiya a majalisa an sha musu kan wuta, ga dai abin da na tsinta. Kowa ya yarda dam ɗin Lagdo shi kaɗai ba zai riƙe mu ba, megawat 72 ne tun 1982, gari ya ninka, kuma da rani ruwan Binuwai na ja baya daidai lokacin da kowa ke kunna fanka da firij. Don haka a ƙara sola irin ta garuruwan Marwa da Gidar, tare da batir, in ba haka ba magariba na yi an koma gidan jiya. A haɗa layinmu da na kudu mu ma mu sha wutar dam ɗin Nachtigal da ke can. Wani dattijo kuma ya ce masu satar wuta ne ke ƙona mana taransifoma, nan fa wuri ya yi tsit.