Wace kalma za mu ba "streaming" idan fayil ne ake turawa, ba bidiyo ba?

Salamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta manhaja da masu fassara. Kwana uku ke nan ina rubuta bayani da Hausa kan yadda manhajoji ke aika wa juna manyan fayiloli maƙale a jikin saƙo, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: streaming. Ina da wadda na zaɓa, amma sai na fara nuna muku aikin da za ta yi, don kalmar da ba ta san aikinta ba ba za ta daɗe a bakin mutane ba.

A ce manhaja biyu na magana ta intanet da tsarin SOAP, wata ƙa'ida ta musayar saƙo tsakanin manhajoji. Saƙon rubutu ne na XML, wato salon tsara bayanai da haruffa zalla, shi kuwa XML ba ya ɗaukar ɗanyen fayil kamar hoto ko PDF. Tsohuwar dabara ita ce a mayar da fayil ɗin haruffa ta hanyar Base64 a cusa shi cikin saƙon. Kowane bayit 3 sai ya koma harafi 4, wato nauyi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Fayil mai megabayit 300 ya zama 400 tun bai bar gida ba. A can ɓangaren mai karɓa kuma, idan manhajar irin wadda ke haɗiye saƙo gaba ɗaya ce kafin ta duba shi, kuma tana ba kowane harafi bayit 2 kamar yadda harshen rubuta manhaja na Java ke yi kafin 2017, 400 ɗin nan ta zama 800 a cikin RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta. Sannan a warware shi ya koma fayil, ga wasu 300. Mutum ɗaya ke nan ya turo fayil ɗaya.

Na ga wannan da idona a wani aiki da na yi. Saba, wato kwamfutar da ke karɓar saƙonnin, tana lafiya ƙalau muddin ƙananan takardu ake turowa. Ranar da mutum uku suka turo manya a lokaci guda sai ta tsaya cik, abin da ta bari a rajistar kurakurai layi ɗaya ne: OutOfMemoryError, wato RAM ta cika. Muka ƙara mata RAM, ta yi mako ta sake faɗuwa. Ba ƙarancin wuri ne ciwon ba, tarawar ce.

Maganin da aka samo hawa biyu ne. Na farko, a fitar da fayil daga cikin rubutun. Tun Disamba 2000 aka fito da tsarin maƙala fayil a gefen saƙon SOAP ta hanyar MIME, irin yadda imel ke yi. A Janairu 2005 kuma hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta tabbatar da ƙa'idojin MTOM da XOP: a cikin XML ɗin ana barin 'yar alama kawai mai cewa "fayil ɗin yana sashe kaza", shi kuwa ya biyo baya ɗanyensa, babu Base64. Hawa na biyu shi ne abin da muke nema wa suna. Mai karɓa ba ya jira kaya su gama isowa. Ya ɗebi kilobayit 8 a ɗan mazubi, ya rubuta a faifai, ya sake ɗiba a wannan ɗan mazubin, har a gama. Ko gigabayit 5 ne, abin da ke hannunsa a kowane lokaci bai wuce ɗan mazubin ba.

To wannan nake so kalmarmu ta faɗa: abu yana wucewa ta cikinka, ba ya zama a cikinka.

"Yawo" na fi cin karo da ita a fassarorin intanet, kuma ina roƙon mu daina. Mai yawo ba shi da inda ya nufa. Bayanan nan kuwa daga wuri ɗaya suke zuwa wuri ɗaya, a jere, bayit na biyu ba ya riga na farko.

"Kai tsaye" da "watsawa" na gidan rediyo da talabijin ne, a can sun dace. Fayil ɗin da aka ajiye tun bara ba kai tsaye ba ne, kuma ba jama'a ake watsa wa ba.

Wani ɗan'uwa mai fassara ya ba ni "gudana", na daɗe ina juya ta don tana da kyau a kunne, ruwa yana gudana. Malam, matsalarta tana wajen aikatau. Da zarar ka ce "gudanar da fayil", Bahaushe zai ji kamar gudanar da taro ko gudanar da mulki, wato tafiyar da al'amarinsa. Ma'anar ofis ta riga ta cinye ta. "Malala" kuma ruwan da ya rasa hanya ne ya bazu a ƙasa, ta fi kama da abin da ya sami sabar da na ba ku labari. "Tsiyaya" ta kusa ƙwarai, har na so ta, sai dai ana tsiyaya ne daga abin da ya riga ya cika. Sau da yawa mai aikawa bai ma san girman abin da yake aikawa ba, yana haɗa shi yana turawa. Saboda haka ne HTTP/1.1, tsarin aika saƙo a yanar gizo, tun 1997 ya ba da damar aika kaya gutsure-gutsure: kowane gutsure da girmansa a rubuce a gabansa, idan aka ga gutsure mai girman sifili an gama.

Ni "kwarara" na zaɓa.

Ruwa mai kwarara yana da hanya, yana da inda ya dosa, ba ya tsayawa. Mun ma riga mun ɗauke ta daga ruwa mun ba wasu abubuwa, muna cewa kwararar jama'a, kwararar kaya, ba wanda ke tambayar me ake nufi. Amma abin da ya fi rinjayata shi ne kalmar tana lanƙwasuwa yadda aikin ke buƙata, ba tare da mun ƙirƙiri komai ba. Mai aikawa yana kwararar da fayil. Mai karɓa, fayil yana kwararo masa. Idan an gama, ya kwarare. Turanci sai ya ƙara wata kalma kafin ya nuna inda abin ya fuskanta, mu wasali ɗaya ya wadatar. (Kwararo ma sunan siririyar hanya ne tsakanin gine-gine, kuma ina ganin hakan taimako ne: matsattsiyar hanya, abu na wucewa kaɗan-kaɗan.)

Kishiyarta kuma tana nan a shirye: tarawa. A WCF, kayan aikin Microsoft na haɗa manhajoji su yi magana, akwai zaɓi tsakanin hanyoyin biyu, idan ba ka taɓa komai ba tarawa yake yi, da iyakar bayit 65,536 ga saƙon da zai karɓa. Da Hausa sai mu ce: asalinsa a tsarin tarawa yake, sai ka mayar da shi tsarin kwarara. Jimlar ta zauna.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne ko kalmar za ta koya wa ɗalibi haɗarin abin. Ruwan da ya kwarare ba ya komowa, haka ma wannan: sau ɗaya ake karantawa. Idan ka sa wani ɓangare na manhajarka ya riƙa rubuta duk saƙon da ya shigo a rajista, ya shanye kwararar, mai aikin gaske ya tarar da wayam, ko kuma tsarin ya koma tarawa a ɓoye don ya gamsar da su biyun. Sa hannun tsaro a kan saƙo ma yakan jawo haka, don sai an bi ta kan kayan duka kafin a tabbatar ba a taɓa su ba. Idan fayil biyu aka maƙala kuma ka tsallake zuwa na biyu, dole a juye na farko a faifai na ɗan lokaci, tunda a jere suke zuwa. Duk waɗannan ina iya bayyana su da kalmar ba tare da na koma Turanci ba.

An ce mini "kwarara" tana da ƙarfi da yawa, kamar ruwan sama mai yawa, alhali wani lokaci bayanan a hankali suke zuwa. Na karɓi wannan. Sai dai muna cewa yana kwarara a hankali, kunne bai ƙi ba. Wanda ya kawo "zurara" ma yana da hujja wajen ƙuncin hanya, amma "ya zurare" na nufin ya sulale ya ɓace, ba na son a ji haka game da takardar mutum.

Abin da zan sa a rubutuna ke nan: kwarara, kwararar da fayil, tsarin tarawa, mazubi, gutsure, maƙalallen fayil.

Saura guda da ban samu ba. Idan mai karɓa ya gaza bin saurin mai aikawa, TCP, tsarin da ke jigilar bayanan tsakaninsu, na rage girman abin da mai karɓa ya yarda a turo masa, har ya kai sifili, mai aikawa ya dakata sai an ce masa ci gaba. Na gwada "tokarewa", na gwada "datsewa". Datsewa ta yi kama da an rufe ke nan har abada, tokarewa kuma kamar wani abu ne ya lalace, alhali tsarin yana aikinsa ne daidai. Malamai, wa ke da wadda ta fi su?